Wanda Ya Kamata Ya Wanke Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu ya riga mu ranar Talata da safe. Yau kwana tara, kuma har yanzu akwai masu rage murya in na gitta.

A zaman makoki kowa ya faɗi nasa. Liman ya ce bai taɓa sallame sallar asuba ya waiwaya ya rasa shi a sahu ba, sai da ciwo ya kwantar da shi. Wani dillalin shanu da ya zo daga Kunci ya ce bai taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, sai ya tuna inda yake, ya ce, "Taurin kai a kan gaskiya nake nufi." Wata tsohuwa da ta fito daga wajen mata ta tsaya a bakin zaure tana neman takalminta, ta ce, "Ai da an bar shi a ɗakinsa, da yanzu yana nan." Ita ba ta dube ni ba, amma duk wanda yake kan tabarma ya dube ni.

Babban ɗansa taubashina ne, yana zaune a Bacirawa yana sayar da kayan gini. Tun muna yara ba ma haɗuwa bai kira ni bawansa ba, ni ma na rama. Ranar na miƙa masa hannu ya ba ni kan yatsu. Laifina shi ne na raka Kawu hawan Dutse kwana goma sha ɗaya kafin ya rasu, alhali likita ya ce ko gona kar ya je. Na yi, ban musa ba.

Akwai kuma wanda ba a yi wa shimfiɗa ba. Abokin Kawu, tsohon wanzamin garinmu, kwana uku ya yi a gindin katanga can gefe, zaune a kan takalminsa, in rana ta iso shi ya matsa. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce masa bismilla. Shi ya kamata ya wanke Kawu. Kawu ne ya faɗa da bakinsa, kuma ni kaɗai ne shaida. Ba a yi hakan ba, kuma da hannuna a ciki. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ubana ya rasu ina ƙarami. Duk shekara in ruwan shuka ya sauka, Kawu zai saɓi sungumi ya wuce gonarsa ya shiga tamu. Sai ya gama ta ƙanwarsa sannan ya koma tasa, wani lokaci ƙasa ta fara shan iska. Inna, matarsa, ta yi mita har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce: "Tawa tana da mai ita. Waccan fa?"

Amma kar wani ya ɗauka mutum ne mai daɗin baki. Ban taɓa jin ya ce mini sannu da aiki ba. In na yi noma na ga ya yi kyau, sai ya zagaya gonar har ya samo ciyawa ɗaya, ya tuge ta, ya ajiye mini a ƙofar ɗaki. Gaisuwarsa "lafiya" ɗaya ce, in ka ƙara ta biyu ya ce, "Ka zo da magana ko gaisuwa ka zo sayarwa?" Da haƙoransa suka zube bai bar goro ba, ya huda murfin gwangwani da ƙusa yana goga shi a kai. Rediyonsa kullum tana aljihu, yana musu da ita kamar tana jinsa. In ya ga yaro yana rawar ƙafa a kan aiki sai ya ce, "Mai sauri a hawa bai taɓa saukowa ba."

Daga Dutse ya samo wannan maganar. Yana yamma da gari, shi kaɗai tsaye a tsakiyar gonaki, ba mu da wani suna da muke kiransa sai Dutse. Ba inuwa a jikinsa, sai ƙaya a cikin tsagogi, sai rema da ƙadangaru. Can kusa da ƙoli akwai kogon jemagu, kuma kashinsu taki ne da ba a haɗa shi da komai a lambun albasa. Duk bazara Kawu da wanzami sukan hau su ɗebo, tun suna samari.

Kafin a kai kogon akwai wurin da ake ce wa Kafaɗa. Bango ne sumul, ya fi tsayin mutum da rabi, ba inda za ka sa yatsa, ga gangare ta hagu wanda in ka tafi sai dai a tsinto ka. Tsani ba ya zuwa wurin, don hanyar tsaga ce mai lanƙwasa. Yadda ake yi, ɗaya ya durƙusa, ɗaya ya taka kafaɗarsa, na ƙasa ya miƙe da shi, na sama ya kama baki ya haye, sannan ya warware rawaninsa ya zuro ya jawo ɗan'uwansa. Shi ya sa a garinmu kowa da abokin hawansa, kuma ba a canzawa. Wanda ya san nauyinka shi ya san lokacin da zai miƙe.

Shekara uku da suka wuce masu fasa dutse suka zo. Ba ta inda tifofinsu za su bi sai ta gonar wanzami. Kawu ya tara dattawa a ƙofar masallaci don a hana su, wanzami ya sa hannunsa a cikin nasa ya ce ba zai ba da hanya ba. Ba a yi wata biyu ba Kawu ya fita da safe ya tarar da katafila tana tuge gamba a iyakar gonar. Ya tambayi direban wa ya ba su izini, direban ya ce mai gonar.

Daga ranar bai ƙara yi masa magana ba. A masallaci ya koma ɗaya gefen sahun. Mutumin da tun tashinsa aska ɗaya ta san kansa, sai ya koma kasuwar Kunci wani yaro yana yi masa da inji, daga baya ma ya daina, ya bar sumar a cikin hula. Da matar wanzami ta rasu ya je ya yi mata salla, ya raka ta maƙabarta, ya dawo gida bai yi wa mijin ta'aziyya ba. Na ce masa, "Kawu, wannan kam ya yi yawa." Ya ce, "Gawar na bi, ba shi ba." 'Ya'yansu kuwa suka ɗauki gabar suka fi iyayen. Shekara ukun nan, daga Kawu har wanzami ba wanda ya hau Dutse.

Bana ciwo ya taso masa, hawan jini da kumburin ƙafa, har sai da aka tsaga masa takalmi ta gefe. Sai ga labari cewa masu fasa dutsen sun gama cin gabas, za su kewaye ɓangarenmu da waya. Da la'asar ya aika aka kira ni.

"Gobe bayan asuba zan hau."

"Kawu, da waɗannan ƙafafun?"

"Naka na ce ka ara mini?"

"Likita fa ya ce..."

"Likitan ya taɓa hawa?" Ya goga goronsa ya watsa a baki. "Ka biya ta gidan mutumin nan ka ce masa gobe zan hau. Ban ce ya zo ba. Ka faɗa masa haka, ban ce ya zo ba."

Wayata tana aljihuna. Da na kira taubashina da an hana shi, ko da kulle ƙofa ne. Ban kira ba. Na san abin da yake nema a can, kuma ba taki ba ne.

Na sami wanzami yana wasa aska a zaurensa. Na isar da saƙo. Ya ce, "Ya ce na zo?" Na ce, "Baba, cewa ya yi bai ce ka zo ba." Ya gwada kaifin a gashin hannunsa ya ce, "To ni ma ban ce zan zo ba."

Da muka isa gindin Dutse gari ya fara haske, yana zaune a kan wani falale, da rawaninsa da zabirarsa ta aski a rataye. Ba wanda ya gai da wani. Mai gadin masu fasa dutse ya tare mu ya ce da azahar ake tayar da nakiya, in muka ji usur na farko mu tabbata muna ƙasa. Kawu ya wuce kamar da dutsen ake magana.

Shi ne a gaba, ni a tsakiya da gorar ruwa, wanzami a baya. Duk maganar da za su yi ta kaina take bi.

"Ka ce wa na bayanka ya bi ta dama, wannan dutsen yana motsi."

"Ka ce masa na san shi tun bai yi gemu ba."

Tafiyar da nake yi kafin shayi ya huce, sai da rana ta ɗaga sosai muna cikinta. Taku goma Kawu ya tsaya ya dafa. Numfashinsa kamar zugazugin da ya huje. Sau biyu na ce mu koma, na biyun ya ci gaba da hawa abinsa. Dutsen ya fara ɗaukar zafi, in ka dafa sai ka ɗauke hannu.

Da muka iso Kafaɗa na ajiye gora na durƙusa.

"Tashi," in ji Kawu.

"Kawu, ni ne mai ƙarfi a nan."

"Ban san kafaɗarka ba. Tashi."

Na tashi. Muka tsaya mu uku a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba, ga gangare a hagu, ba mai kallon wani. Ina jin ƙarar injinan masu fasa dutse daga can gabas. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Can wanzami ya cire hularsa ya ninke ya sa a aljihu, ya juya ya fuskanci bango, ya durƙusa.

Kawu ya cire takalmi ya ɗora wannan kumburarriyar ƙafar a kafaɗar tsoho ɗan'uwansa. Da wanzami ya fara miƙewa na ji wani abu ya yi ƙara a bayansa. Na rungumi ƙugun wanzami ina turawa sama. Kawu ya daka mini tsawa na cire hannu, ban cire ba. Suka karkata hagu, wallahi har na ga inda za mu faɗa, sannan Kawu ya kama baki. Ya ja jiki da ƙirji, ƙafafunsa suka ɓace.

Sai shiru.

Muka ɗaga kai muna jiran rawani. Bai zo ba. Na kira, "Kawu!" Ba amsa. Abu biyu suka zo mini: ko dai ya cika a can shi kaɗai, ko kuma abin da ya kawo mu ke nan, ya taka mutumin ya haye ya bar shi a ƙasa. Wanzami na biyun ya ɗauka. Ya jingina goshinsa da dutse, ya ce a hankali, "Ya yi daidai."

Bai rufe baki ba sai ga bakin rawani yana saukowa kaɗan-kaɗan. Ashe ƙarfin ja ne Kawu ba shi da shi. Ya ɗaura shi a ƙugunsa, ya zauna ya tokare ƙafafu da wani dutse, ya mai da jikinsa turke. Wanzami ya kama ya hau, ina tura tafin ƙafarsa. Ni kuma su biyu suka riƙe mini.

Na tarar da Kawu a kwance rigingine, leɓɓansa sun yi fari. Na ba shi ruwa. Da ya farfaɗo muka ja shi bakin kogo inda ake samun 'yar inuwa. Daga nan ana ganin komai: gonaki sun haɗe da juna ba masaka tsinke, an share su ana jiran ruwa, ga rufin kwano na ƙauyuka har inda ido ya tsaya. Ta gabas kuwa an cinye cikin Dutse ya yi fari fat. Ga hanyar tifofi ta raba gonar wanzami biyu.

Kawu ya nuna da haɓa. Wannan karon ba ta kaina ya bi ba.

"Ga hanyarka can."

"Na gan ta. Kullum ina ganinta."

"Me ya hana ka zuwa ka faɗa mini?"

"Yara sun fi ƙarfina. Sun gama magana da mutanen, ni yatsa kawai aka kama mini na dangwala."

"Ban tambaye ka yara ba. Gonarka ce, ka ba wanda ka ga dama. Cewa na yi me ya hana ka zuwa. A bakin direba fa na ji."

Wanzami ya ce, "Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka. In na ji tarinka sai na juya."

"Matsoraci."

"Na yarda."

"Dama tun muna yara haka kake."

Sai Kawu ya cire hula. Sumar ta yi tsawo ta cukurkuɗe, fara sol. Ya ce, "Ka zo da aska, ko ado kake yi da zabirar?"

Da sauran ruwan gorata aka jiƙa kan. Wanzami ya durƙusa a bayansa ya fara aski. Aska tana kan Kawu ya yi maganar, idonsa a rufe.

"Kai za ka wanke ni."

"Wa ya san gawar fari?"

"Ni na sani." Ya buɗe ido ya dube ni. "Kai, ka ji ko? Shi zai wanke ni, shi zai sa ni a likkafani. Kai ne shaida."

Na ce na ji.

An aske rabin kai aka busa usur. Na miƙe na ce mu tafi. Wanzami ko ɗagowa bai yi ba, ya ce bai taɓa barin kai rabi ba, ba kuma zai fara a kan wannan ba. Kawu ya ce na zauna ina tare musu iska. Haka na zauna har ya share bayan kunne na biyu.

Ko tafi ɗaya na taki ba mu ɗebo ba. A Kafaɗa na fara sauka na karɓe su ɗaya bayan ɗaya, daga nan na goya Kawu, don ƙafafun sun ƙi. Muna cikin tsaga nakiyar ta tashi. Dutsen ya girgiza a ƙarƙashinmu, tsakuwa ta zubo mana, jemagu suka fito da rana tsaka suka rufe sama. Na durƙusa da shi a bayana. Ina jin bakinsa a kunnena yana cewa, "Kar ka yi sauri."

Da Inna ta ga kansa ta ce, "Wannan askar na san ta." Washegari Kawu bai tashi ba, kwana uku harshensa ya yi nauyi, bai ƙara magana da za a gane ba. Sau biyu wanzami yana zuwa dubiya, ƙananan 'ya'yan Kawu suna ce masa yana barci.

Ranar da ya cika, taubashina ya iso da hantsi. Aka tsaya a zaure ana shawarar masu wanka. Na ce, "Kawu ya bar wasiyya." Na faɗi yadda aka yi.

Ya ce, "A ina ya faɗa?"

"A kan Dutse."

"A kan Dutse." Ya gyaɗa kai. "Kai da shi kuka ɗauki ubana kuka kai shi kan dutse, kuka dawo da shi a goye. Yanzu kuma gawar kake so na ba shi?"

Liman ya dube ni ya ce, "Ka tabbata haka ya faɗa?" Na san Liman. Da na ce wallahi, da ya tsaya a kai ko duk gidan za su taru. Amma gonar da nake ci da iyalina ta Kawu ce, aro ya ba ni tun da ta ubana ta yi mana kaɗan, kuma daga safiyar nan ta zama gado, a hannun wanda yake tsaye a gabana. Abin da ya zo mini ke nan, ba Kawu ba. Na ce, "To, yadda kuka gani."

Liman da wani maƙwabci suka yi wankan. Wanzami ya bi makara daga can baya.

Bayan addu'ar bakwai na je gidansa. Na fara bayani ya ɗaga mini hannu.

"Ina bayan katanga. Na ji inda ka fara, na ji inda ka tsaya." Ya buɗe zabira ya nuna mini sabulu sabo da 'yar kwalbar turare. Da su ya je ranar. Ya mayar ya rufe. "Ka taɓa wanke gawa?"

"A'a, Baba. Tsoro nake ji."

"To ka je ka koya. Wanda zai yi mini ya tafi. Kai za ka yi."

"Baba, ni da na kasa buɗe baki?"

"Shi ya sa. Ka ɗanɗana, ba za ka so ka ƙara ba. Amma wannan karon ba a kan dutse za a faɗa ba. A gaban Liman, da mutum biyu."

Jiya muka je aka faɗa. Liman ya fara nuna mini da matashin kai, ta dama ake farawa. Na yi ta kuskure, ya ce kowa haka yake yi da fari.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya saka masa da shukar da ya yi wa marayu kafin tasa. Ya bar mini abu ɗaya na riƙe masa na sake shi, Allah Ya sa ya yafe mini.

Taubashina, wannan takardar hannunka za ta fara zuwa. Rantsuwar da ban yi a zaure ba ga ta: wallahi tallahi haka ubanka ya faɗa, kuma da bakinsa ya nemi askar mutumin nan. Ka je ka gai da shi tun yana da rai. Gonar kuma tana nan na share ta, ban zuba iri ba tukuna.